Azumin da Ban Sha Ko Ɗaya Ba

Ku yi haƙuri da ni. Ban taɓa rubuta labari ba, karantawa kawai na iya. Na san akwai masu cewa yarinya mai tarbiyya ba ta ɗora irin wannan zance a takarda. Gaskiyarsu ne. Ni ma da baki ba zan iya faɗa ba, shi ya sa na zaɓi rubutu, don takarda ba ta ɗago ido ta dube ni. In kun ga ina kewaye-kewaye kafin in kai ga magana, kunya ce, ba iyayi ba.

Sunana Sakinatu, ɗiyar Malam Rabe manomi, a wani ƙauye da ke kan hanyar Malumfashi zuwa Kafur. Shekaruna goma sha takwas, ina aji huɗu a makarantar kwana ta 'yammata a wannan shekara ta 1985. A gida 'yar takarda ake ce mini, domin ko tsintar wake aka sa ni sai an tarar da littafi a ƙarƙashin faifai. Ba ni da baki. To me ya haɗa irin wannan yarinya da filin wasa?

Littafin ne dai ya jawo. Ɗakin karatu yana wannan ƙarshen makaranta, ɗakin cin abinci yana wancan, ni kuma ba na jin ƙararrawa sai an kusa rufe ƙofa. Kullum sai in kwasa da gudu. Ashe Malam Enoch, malaminmu na wasanni, yana lura da ni daga gindin dalbejiya. Wata rana ya tare ni.

"Ke, tsaya. Daga laburare kike?"

"E, Malam. Don Allah a yi haƙuri."

"Haƙurin me? Ko haki ba ki yi. Gobe da safe ki same ni a fili."

Zan gaya muku gaskiya: na so gudu. A cikin gudu ba wanda ke cewa ki tashi ki yi bayani. Daga ke sai iska sai ƙarar takalmin kambas ɗinki. Aka kai mu Funtua gasar makarantu, na zo ta ɗaya a dogon zango, aka ba ni kofi da bokitin ƙarfe, aka ce bayan damina ni za a kai Kaduna. Daga nan atisaye ya koma safe da yamma. Malam Enoch yana yawan cewa jiki mara nauyi shi ke tashi. Allah ya sani bai taɓa ce mini in daina cin abinci ba. Amma ni hali gare ni, in malami ya ce a karanta shafi ɗaya sai in karanta babin duka. Na bar tuwon dare, ina miƙa wa 'yan teburinmu. Kokon safe rabi nake sha. Siket ɗina ya fara juyawa a ƙuguna, ni kuwa daɗi nake ji.

Ga wurin da nake ta gudun isowa. Tun lokacin sanyi al'adata ta fara wasa, ta zo kaɗan, sannan ta ɗauke ɗif. Ban gaya wa kowa ba. In ma faɗi gaskiya murna na yi, na huta da wankin tsumma a ɓoye bayan ɗakin kwana da shanya shi a ƙarƙashin katifa. Azumi ya zo, na yi abina, bayan la'asar kuma in fita fili da bakin azumi. Ƙwaurina na hagu ya soma ciwo, wuri ɗaya tak, in na danna da yatsa sai in ji har cikin haƙori. Sai in shafa man zafi in ɗaure da ƙyalle.

Akwai kuma Abdussamad. Malamin gona ne a Funtua, dogo, da ɗan gibi a haƙoransa. Ya zo ƙauyenmu koya wa manoma sabon irin masara, ya same ni ina karanta wa Baba rubutun da ke jikin buhun taki. Bai yi wata-wata ba ya turo manya. Baba ya ce ya yarda, da sharaɗin sai na gama makaranta. Ni ma na yarda, ko da yake da aka tambaye ni bango na kalla. Shi kaɗai ne namiji a wajen mahaifiyarsa, Hajiya. Duk mako sai ya aika kati gidan rediyon Kaduna, a ji mai gabatarwa yana cewa malamin gona na Funtua yana gai da Barewa a makarantar 'yammata, sunan da ya laƙaba mini ke nan saboda gudu. Ɗakinmu ya kaure da shewa, ni in cusa kai ƙarƙashin filo. Ranar ziyara kuma, da izinin Baba, ya zo a kan Hondarsa da madarar gwangwani da sukari da biskit. Duk na rabar.

Na dawo gida hutun salla. Inna ta sa an ɗinka mini atamfa ruwan goro mai zanen ganye, buba da zane da ɗankwali, da awon bara. Da na sa, wuyan ya zame har kafaɗa, sai da aka kama da fil. Gwaggo Ladidi, yayar Baba da ke zaune a gidanmu tun rasuwar mijinta, ta kalle ni daga sama har ƙasa.

"Kulu, wannan ɗiya taki makaranta aka kai ta ko gidan yari? An rataya atamfa a jikin kara."

"Karatu ne, Yaya," in ji Inna.

"Karatu ko tsalle-tsalle? Mace da gudu kamar an biyo ta."

An kuma tsayar cewa Juma'ar sama dangin Abdussamad za su zo a sa rana.

Bayan salla da 'yan kwanaki, da hantsi, muna zaune mu uku a rumfa muna ɓarar gyaɗar iri. An yi ruwa da asuba, ƙasa tana ƙamshi. Inna ta ce ita gobe za ta fara ramuwar azumi kafin noma ya yi nauyi.

"Ke Sakinatu, nawa kika sha? Mu haɗa mu yi tare, girkin sahur ɗaya."

Da na yi shiru na ɗan yi tunani, da ban kawo muku wannan labari ba. Amma ni a lokacin gani nake abin yabo ne. Har da ɗan ɗaga kai na ce, "Ni ban sha ko ɗaya ba, Inna. Duka na yi."

Hannun Gwaggo ya tsaya a cikin ƙwarya.

"Ko ɗaya?"

"Ko ɗaya, Gwaggo."

"To. Ni ma ban sha ba. Amma ni na san dalilina, na haifi na haifa, na rufe shago tuntuni. Ke mi ne naki dalilin?"

A nan ne abin ya faɗo mini. Inna ta ajiye gyaɗar da ke hannunta a hankali, kamar ƙwai.

"Yaushe rabonki?" Muryarta ƙasa-ƙasa.

"Tun… tun sanyi."

"Wane sanyin?" in ji Gwaggo. "Wancan mai babur ɗin fa, yaushe ya je makarantar taku?"

"A gaban kowa muka zauna, Gwaggo. Gindin mangwaro, ga malamai."

"Ban tambaye ki bishiya ba."

Inna ta kama hannuna ta ja ni ɗaki, ta saki asabari, ta tura ƙyaure. Abin da ya biyo baya ba zan tsawaita ba. Uwata, wadda tun da na girma ba ta taɓa ganin jikina ba, ta ɗaga rigata tana danna marata da tafin hannu, idonta a kan rufin ɗaki. Ni ina kallon jeren kwallayenta, ina rantsuwa da duk abin da na sani. Ta ce, "Na yarda da ke." Amma da daddare ba ta ci tuwo ba.

Gwaggo kuwa ta tsaya a kan bakanta. Ta ce ramewa ba hujja ba ce, wani cikin kwanciya yake yi a baya, ya yi watanni bai motsa ba. Ta ce kada Rabe ya ji, in ya ji sai ya haɗiyi zuciya. Ta ce in ya tabbata, sai a san abin da za a gaya wa mutanen Funtua kafin Juma'a.

Washegari bayan la'asar na ji kukan Honda a ƙofar gida. Na sa doguwar riga shuɗiya da gyale fari, na ɗauki tabarma da ruwa a kofin silba na kai zaure. Gwaggo ta jawo kujerarta dab da ƙofar zauren, wai tankaɗe take yi.

"Barewa, an yi salla lafiya?"

"Lafiya lau, Malam."

"Yau kuma Malam ɗin ya fito a bushe. Jiya kin ji gaisuwata? Har da Gwaggo na sa a ciki, ko za ta rage harara."

Daga bayan ƙofa aka yi gyaran murya. Ya ƙunshe dariya. Ya miƙo mini ƙunshin takarda, na buɗe, sabon kambas ne fari fat, har da safa.

"Na Kaduna ne. Kada 'yan birni su ce Barewarmu da tsohon kofato ta zo."

Ban iya ɗago kai ba. Ina ta tunanin abin da aka jingina masa a gidan nan, shi bai sani ba, ga shi yana wasa da makullin babur yana murmushi. Na ji kamar ni na shafa masa kashin kaji a farar rigarsa.

"Na yi laifi ne?" ya tambaya.

"A'a."

"To me ya sami ƙafarki? Na ga kina ɗingishi."

"Targaɗe ne. Zai wuce."

"In zo gobe mu je Malumfashi a duba, da ke da Inna?"

"A'a, don Allah. Ba komai."

Ya daɗe yana kallona, sannan ya ce to. Da zai tafi ko rakiyar ƙofa ban yi masa ba.

Kwana biyu bayan haka aka aike ni kai wa Baba da 'yan ƙwadago fura a gona, ana noman firi, wato noman farko. Ruwa ya yanka ɗan kwazazzabo a hanya, ƙarami, yaron da aka yaye ma zai tsallake. Na dafe ƙwaryar da ke kaina na yi tsalle na dira da hagu. Sai na ji ƙas, kamar an taka busasshen kara. Na duba ƙasa ina neman karan. Sannan zafin ya iso.

A amalanke aka maido ni gida, rigata duk fura. Baba ya ce a kira Mudi mai ɗori. Inna, wadda ban taɓa jin ta musa wa Baba magana ba, ta ce, "Malam, asibiti za a kai ta. Makaranta za su nemi takardar likita." Baba ya ce haka ne kuma. Ni kaɗai da Gwaggo muka san ba takarda Inna ke nema ba.

A asibitin Malumfashi wata nas ce ta karɓe mu, Sista Rahab, mutuniyar Kafur, gajera mai faɗin fuska, da ƙaramin agogo maƙale a ƙirjin farar rigarta. Na ga Inna ta ja ta gefe tana raɗa, tana kare baki da gefen mayafi. Sista ta waiwayo ta dube ni, ba harara ba dariya. Aka ɗauki hoton ƙafar, aka karɓi fitsarina, aka ja labule aka duba ni. Likitar mace ce, 'yar Indiya, da gashi har baya. Ta ɗaga hoton a hasken taga ta daɗe tana dubawa, sannan ta shiga yi mini tambayoyi da Turanci. Sau nawa nake gudu a rana. Me nake ci. Yaushe rabona. Na amsa ina kallon yatsun ƙafata. Ta yi magana mai tsawo, Sista ta juya wa Inna da Hausa.

"Inna, da farko dai, babu ciki."

"Ko a kwance?"

"Ba a kwance ba, ba a zaune ba, ba a tsaye ba. Babu."

Inna ta sulale ta zauna a kan siminti, ta rufe fuska da mayafi. Kafaɗunta kawai ke motsi. Na so in ji daɗi, amma abin da na ji shi ne, ashe da gaske ba ta yarda da ni ba.

"Ki tashi ki ji sauran," in ji Sista, "don sauran ma magana ce. Jikin mace akwai wani sinadari da ke yawo a cikin jini. Shi ke kawo al'ada duk wata, shi ne kuma ke tsaron ƙashi kada ya zaizaye. In mace tana aikin ƙarfi ba ƙaƙƙautawa, abin da take ci kuma bai kai abin da take ƙonewa ba, sai jiki ya ɗauka yunwa aka shiga. Sai ya fara tsimi, ya rufe abin da zai iya rufewa. Al'ada ce ta farko. In sinadarin nan ya yi ƙasa, ƙashi sai ya riƙa sakewa, irin yadda na tsohuwa ke yi bayan ta daina."

"Amma Sista, ai mu ma muna daka, muna surfe, muna ɗebo ruwa. Ba mu kakkarye ba."

"Kuna daka, kuna cin tuwo. Likita ta ce motsa jiki shi ke ƙarfafa ƙashi ma, gudu ba laifi ba ne. Gudu ba ci shi ne ɓarnar." Ta juyo gare ni. "Ke kuma 'yammata, wannan ƙashi ya daɗe da tsagewa, siririn tsagu, kina ta gudu a kansa. Tsallen nan ƙarasa shi kawai ya yi. Ba ki ji ciwo ba?"

"Na ji."

"Kika yi me?"

"Man zafi."

"Man zafi." Ta girgiza kai. "'Yan boko ke nan."

Aka naɗe mini ƙafa da simintin ɗori na asibiti daga yatsu har saman gwiwa, aka ba ni sandunan dogarawa. Aka ce ba gudu, ba Kaduna, sai ci: nono, wake, ƙwai, kifi, da tuwo cikakken malmala. Har mun kai ƙofa Inna ta koma da baya.

"Sista, zai dawo mata?"

"Yawanci yana dawowa in jiki ya cika. Yaushe ne ba wanda zai ce. Ƙashin ma zai ɗauki lokaci, kuma ba lalle ya maido duk abin da ya rasa ba."

"Haihuwa fa?"

"In ya dawo, ba abin da zai hana. Amma ni ba zan yi miki rantsuwa a kan abin da ban gani ba tukuna."

Gwaggo Ladidi ba ta iya ba da haƙuri da baki ba. Da ta ji babu ciki, tashi ta yi ta shiga akurkinta ta kwaso ƙwan zabin da take tarawa, ta dafa mini, ta zauna ta ɓare da hannunta tana tura mini. "Ci. Shanye romon nan. Kin ga wuyanki kuwa?" Sai da na cinye, Inna ta ƙarasa mata sauran bayanin. Gwaggo ta shiga murza ɓawon ƙwai a tsakanin yatsu.

"Wato jinin ya ƙafe."

"Sun ce yana dawowa, Yaya."

"Sun ce yawanci. Na ji ki sarai. Kulu, yaron nan shi kaɗai ne namijin da uwarsa ta mallaka. In Hajiya ta ji an ce yarinya ba ta ganin wata, kuma ƙashinta na tsofaffi ne, kina jin za ta tsaya jiran yawanci? Kafin kasuwar Funtua ta tashi an samo masa wata, mu kuma a bar mu da suna. Har ƙannenta sai abin ya shafa."

"To ya za a yi?"

"Faɗuwa ta yi a hanyar gona, kowa ya gani. Shi ke nan labarin. A sa rana, a yi ta ɗura mata abinci. In ya dawo kafin biki, falillahil hamdu. In bai dawo ba, an riga an ɗaura, sai a ce ƙaddara." Ta dube ni. "Ke kuma mai bakin faɗin gaskiya ba a tambaye ki ba, wannan karon ki ɗinke shi."

Na duba Inna. Inna tana kallon ƙasa. Na gyaɗa kai.

Ku kada ku tsani Gwaggo. Sona take yi, na sani. Ni ce dai na kasa samun wurin ajiye abin a cikina.

Ranar Laraba Abdussamad ya zo dubiya da lemo cike da kwando. Tunda ba na iya fita zaure, aka shimfiɗa masa tabarma a rumfa, Gwaggo a gefe tana kaɗi. Ya dubi simintin ƙafata, fuskarsa ta canja.

"Laifina ne. Na ga kina ɗingishi, da na matsa an je asibiti."

"Ba laifinka ba ne."

"Me likita ta ce?"

"Faɗuwa ce," in ji Gwaggo, ba ta ko ɗago ba. "Ƙashin yaro, nan da nan zai haɗe."

"Allah ya sa." Ya ɓare lemo ya miƙo mini. "Kada ki damu da Kaduna, Barewa. In ba ki ciwo kofin ba, 'ya'yanmu za su ciwo. Da ƙafafunki da tsawona, wa zai kamo su?"

Gwaggo ta yi dariya har da tafa cinya. Kafin ya tafi ya ce ran Juma'a shi zai tuƙo mutanensu a akori-kurar abokinsa, amma ba zai matso gida ba, kunyar surukai, zai tsaya can bakin firamare har a gama.

Na yi ta juya abin a raina. Da aka zarge ni da abin da ban yi ba, aƙalla ina iya rantsuwa. Yanzu fa? Mutumin nan bai taɓa ɓoye mini komai ba, har ranar da shugabansa ya ci masa mutunci a gaban manoma sai da ya gaya mini. In na faɗa masa, zai iya yiwuwa ya gaya wa Hajiya, kuma zai iya yiwuwa Gwaggo ta fi ni sanin Hajiya. In na yi shiru, zan same shi. Kuma ina son in same shi, wannan ma yau na fara rubuta shi a fili. Amma duk ranar da ya ɗauki ɗan wani ya yi masa wasa, ni zan san abin da na sani.

Juma'a ta zo. Tun da safe aka share gida, aka yayyafa ruwa, aka soya waina da kaji. Inna ta sa leshinta fari na ƙasan akwati, Gwaggo ta kafa ɗauri kamar za ta taɓo rufin rumfa. Ni aka sa mini atamfar salla, aka zizara mini kwalli, sannan aka kai ni ƙuryar ɗakin baya kusa da garken awaki. Haka ake yi a wajenmu, yarinyar da aka zo sa ranarta ba ta yarda a ga ko inuwarta. Ba mai nemanta, ba mai leƙa ta, sai baƙi sun tafi.

Bayan an sauko daga masallaci na ji sallamarsu. Maza suka tsaya a zaure wajen Baba, mata suka shigo da guɗa. Ta jikin bango ina jin ana sauke kwallaye, ana buɗewa, goro, alewa, buhun gishiri. Wata mai babbar murya, gwaggon Abdussamad ce, ta ce, "Ina amaryar tamu mai karyayyar ƙafa? Mu dai ko a kwando sai mun ɗauka."

Aka yi dariya.

"Hajiya ta ce a gaya muku ta gaji da goyon jikokin maƙwabta. Bayan biki da shekara, zanen goyonta a wanke yake."

"Ta sayo biyu," in ji Gwaggo Ladidi. "Mu gidan nan ba mu iya jinkiri ba."

Guɗa ta tashi. Ban ji muryar Inna a ciki ba.

A zaure ana ta gaishe-gaishe, an taɓa zancen ruwa da tsadar taki. Na san daga nan sai a shiga maganar rana, sai a shafa fatiha, sai a raba goro gida-gida. In goron nan ya fita, ya fita.

Ban san da wane baki zan faɗa wa Abdussamad ba. Kalmar ma ban taɓa furta ta a gaban namiji ba, ko a ajin kimiyya sunkuyar da kai nake yi. Ban san ko zai saurare ni har ƙarshe ba, ko zai tashi motar ya bar ni a tsaye. Na dai jawo gyalena na lulluɓa har goshi. Na yage gefen wani tsohon zane na naɗe gindin sandunan don kada su yi ƙara a dandamali.

Bayan garken akwai ƙyauren kara da Baba ke fitar da taki ta nan. Daga shi sai gonar masara, sai 'yar hanya, sai firamare inda yake jira. Na miƙe, simintin ya ja ni ƙasa, na cije leɓe har jirin ya wuce. Awaki suka ɗago suka dube ni, suka ci gaba da tuƙa. Na sa kafaɗa na ɗage ƙyauren a hankali.

A tsakar gida wata ta ce a kawo faranti a zuba goron. Na zura sanda ɗaya waje, na zura ta biyu, na ja ƙyauren ya koma yadda yake.